Shirin Kamun Tirawut a Kogin Madison: Abin da Na Sa a Jaka da Abin da Na Bari

A watan Janairu na biya kafin alƙalami don kwana biyu na kamun tirawut, wani kifin ruwan sanyi, tare da jagora a kogin Madison da ke jihar Montana ta Amurka, alhali ranar shiga ruwan sai tsakiyar Yuli. Ba zumuɗi ba ne. Jagororin da suka san wannan ruwa, tun cikin hunturu ake cike musu ranakun lokacin zafi, wanda ya makara sai ya karɓi ranar da ta rage. Kuɗin yini ɗaya a 'yan shekarun nan ya haura dala 600, kuma na kwale-kwalen ne gaba ɗaya, ko kai kaɗai ne ko ku biyu. Akasari rabin kuɗin ake fara biya. Kafin in tura, sai da na sa aka rubuto mini abin da zai faru da kuɗina idan na fasa, ko kogi ya lalace, ko hukuma ta rufe shi. Na kuma tabbatar jagoran yana aiki ne a ƙarƙashin mai lasisi, domin dokar Montana ba ta yarda jagora ya ɗauki masu biya da gashin kansa ba.

Irin wannan su ya bambanta da fatsar da muka sani. Ba tana, ba gara, ba ƙullun gari. Ƙugiya ce tsirara ake naɗe ta da gashin zakara da gashin barewa da zare har ta yi kama da ƙwaron da kifin ke ci. Ƙwaron nan na gashi ba shi da nauyin da za a jefa shi, don haka igiyar ce aka yi mata nauyi, ita ke tafiya ta ja shi. Wanda ya gane wannan ya gane dalilin kusan duk kayan da za a ambata a nan.

Zaɓen lokaci ya fi zaɓen sanda muhimmanci. Madison yana farawa ne a cikin gandun Yellowstone, inda kogunan Firehole da Gibbon suka haɗu, ya ratsa tafkin Hebgen, ya bi ta tafkin da girgizar ƙasar 1959 ta haifar, sannan ya miƙe kusan mil hamsin a kan duwatsu har garin Ennis. Daga tsakiyar Mayu zuwa cikin Yuni dusar ƙanƙarar kan tsaunuka na narkewa, ƙoramu su kwaso laka, ruwa ya cika ya gurɓace. Ƙarshen Yuni da farkon Yuli manyan ƙwarin dutse ke fitowa, wasu sun kai tsawon ɗan yatsa, kuma lokacin ne kogin ya fi cika da jama'a. Agusta watan fara ne, kifi na tasowa ya cafke ta a gefen ciyawa, amma ruwa na ɗumi. Tirawut kifin ruwan sanyi ne. Da zafin ruwa ya haura digiri 20 sai ya galabaita, ko ka sake shi yana iya mutuwa daga baya. Saboda haka idan ruwa ya kai kimanin digiri 23 kwana uku a jere, hukumar kifi da namun daji ta jihar kan hana kamun kifi daga ƙarfe 2 na rana zuwa 12 na dare. Na zaɓi tsakiyar Yuli ne don ruwa ya riga ya washe, zafin kuma bai kai ƙarshe ba.

Mako uku kafin tafiya na kira jagoran, kuma wannan kira shi ya tsara mini jakata. Saƙon waya ba ya wadatarwa, sai an yi magana baki da baki. Na tambaye shi a kwale-kwale za mu yini ko da ƙafa za mu shiga ruwa, muka tsayar da rana ɗaya kowanne. Tsakanin wancan tafki na girgizar ƙasa da gadar Lyons ba a su daga cikin kwale-kwale, sai a ƙafa. Daga gadar zuwa ƙasa ne ake bin ruwa. Na tambayi abin da kuɗin ya ƙunsa: sanda, ƙwari, zare, abincin rana, ruwan sha, rigar ceto. Na ba shi lambar takalmina ko da zan nemi aro. Na faɗa masa gaskiyar iya jifata, cewa ina kai mita goma sha biyu daidai inda nake so idan babu iska, bayan nan kuma sai a hankali. A nan mutane da yawa ke cutar kansu. Ka ce ka ƙware, ya kai ka ruwan ƙwararru, ku yini kuna warware zare. Na gaya masa da hannun dama nake jifa, domin wannan na shafar inda zai zaunar da ni da gefen kogin da zai bi. Sai batun abinci: na ce ba na cin naman alade, ba na shan giya, ya haɗa mini na kifin gwangwani ko na cuku da ganye. Abincin rana a can burodi ne da yankakken nama, sau da yawa kuma na alade ne, idan ba ka faɗa tun da wuri ba babu kanti a bakin kogi. Na kuma sanar da shi zan buƙaci minti goma a tudu don salla idan mun tsaya cin abinci. Abu ne mai sauƙi in an san da shi tun safe.

Lasisi ba ya cikin kuɗin jagora. Ta intanet na saya a shafin hukumar jihar, kuma abu uku ne a haɗe: na kare muhalli, na kamun kifi, da na yaƙi da baƙin halittun ruwa. Akwai na 'yan kwanaki, akwai na shekara. Na ajiye shi a waya, na kuma buga a takarda na sa a leda, domin sabis na ɗaukewa a cikin kwarin. Wanda zai tsallaka cikin gandun Yellowstone ya sani lasisin Montana ba ya aiki a can, gandun na da nasa izini da nasa dokoki: ba dalma, ba ƙugiya mai ƙaya, kuma tun 2018 an hana takalmi mai tafin ulu.

Yanzu ga inda na fi ɓata lokaci, kuma ina ganin nan ya kamata kowa ya ɓata nasa. Kayan kifi jagora na da su fiye da naka, sun kuma fi dacewa da ruwan ranar. Abin da ba zai iya ba ka ba shi ne tufar da ta zauna a jikinka, da tabarau da ya dace da idonka, da takalmin da ƙafarka ta saba da shi. Ennis na kan tudu kimanin mita 1,500. A Yuli safiya kan sauka ƙasa da digiri 10, la'asar ta doshi 30, sannan hadari ya taso daga kan dutse da iska da ƙanƙara cikin rabin sa'a. Yini ɗaya, yanayi uku.

Auduga ban sa ko ɗaya ba, har singileti da safa. Auduga in ta jiƙe tana riƙe ruwa, ta manne a fata, iska ta buga ta zuƙe ɗumin jiki. Mutum na iya karkarwa a tsakiyar Yuli. Na ɗauki riguna biyu marasa nauyi na zaren roba masu dogon hannu da hula a jiki, wando biyu masu saurin bushewa, rigar sanyi ɗaya mai laushi ta tsakiya, da safar ulu ƙafa uku. A kan duka sai rigar ruwa ta gaske, mai hula da maɗauri a wuyan hannu. Maɗaurin nan ba ado ba ne: duk ɗaga hannu da za ka yi don jifa, ruwa na gangarowa ta hannun riga har hammata idan bakin a sake yake. Rigar leda ta 'yan kuɗi kaɗan iska ke yaga ta, kuma gumi na jiƙa ka daga ciki. Launi ma na duba. Fari fat da ja suna bayyana ka ga kifi a ruwa mai haske, toka-toka da ruwan ƙasa sun fi.

Tabarau shi ne abin da ba na shiga kwale-kwale sai da shi. Dole ya zama mai kashe ƙyallin ruwa, ba baƙin gilashi kawai ba, kuma mai launin jan ƙarfe ko ruwan zuma ya fi nuna ƙasan kogi. Da shi kake ganin ƙwaronka a kan kumfa, da dutsen da za ka taka. Aikinsa na farko kuwa kare ido ne. Ƙugiya na wucewa ta gefen kanka ɗaruruwan lokuta a yini, iskar Madison kuma ba ta da alƙibla, abokin kwale-kwalenka ma yana jifa a bayanka. Guda biyu na ɗauka, na sa wa kowanne igiyar rataya. Hula mai baki da igiyar haɓa, mayafin wuya da ake ja ya rufe kunne da hanci, safar hannu marar yatsu. Duhun fata ba ya hana rana ƙona mutum a wannan tsayi, ga shi ruwa na dawo da hasken daga ƙasa. Leɓe da kunne da bayan hannu su ke fara tsagewa. Man kariya daga rana nakan shafa shi da bayan hannu, sannan in wanke tafina, domin shi da maganin sauro suna cinye rufin igiya su sa ta tsattsage.

Wandon ruwa, wato dogon wandon da ke zuwa har ƙirji da safa a jikinsa, na gwada shi mako biyu kafin tafiya. Ana juya cikinsa waje, a fesa masa sifirit na shafawa, duk inda ƙaramar huda take sai ta fito kamar ɗigon baƙi. Na zagaye wuraren da alƙalami, na bar shi ya bushe, na shafa gam ɗin Aquaseal siriri, na bar shi ya kwana. Gam ɗin na son awa takwas zuwa goma sha biyu, shi ya sa ba a barin wannan aiki sai daren tafiya. Gwiwa, tsakanin cinya da diddigen safa, nan ne huda ta fi fitowa. Bel ɗinsa na ɗaure shi a jikin wandon tun a gida don kada in manta. Idan ka faɗi ba bel, ruwa na cika ƙafafun wandon, ka kasa miƙewa a cikin igiyar ruwa. Wannan batun rai ne. A ranar zafi ba a ma sa wandon, safar roba mai kauri kawai ake sawa cikin takalmi a shiga haka, don haka ita ma na jefa ta a jaka.

Takalmin shiga ruwa yakan fi na yau da kullum girma da lamba ɗaya saboda kaurin safar. Duwatsun Madison masu zagaye ne, ga santsi, ga ruwa mai ƙarfi yana tura ka ba hutu. Tafin ulu ya fi kama dutse, amma ba ya saurin bushewa, yana ɗaukar ƙwayoyin cuta da ƙananan dodon koɗi daga wannan kogi zuwa wancan. Mutanen Madison ba sa wasa da wannan, domin cutar da ke sa ƙananan kifi juyawa kamar sun haukace, wadda aka gano a kogin a 1994, ta kusa ƙarar da tirawut mai launin bakan gizo a wasu sassan. Na zaɓi tafin roba mai ƙusoshin da ake kwancewa. Ranar kwale-kwale na cire su, don suna kankare ƙasan jirgi kuma jagora ba zai bar ka ka hau da su ba. Ranar ƙafa na mayar. Sandar dogarawa mai naɗewa ita ma ta shiga jaka.

Kayan kifi kaɗan na ɗauka. Sanda ɗaya mai tsawon ƙafa 9, mai lamba 6, mai gaɓa huɗu. Lambar na nuna nauyin igiyar da sandar ke jefawa. Lamba 5 ce aka fi sani wajen tirawut, amma 6 ta fi keta iska, ta fi ɗaukar babban ƙwaro. Na haɗa ta a gida na duba kowace zobe da bakin kowace gaɓa, domin gaɓar da ta yi sako-sako ita ke fashewa a tsakiyar jifa. Ɗan kakin kyandir a bakin na hana ta kwancewa. Ƙwarƙwaron da ke naɗe igiya na kwance shi na share yashi. Igiyar, mai iyo a saman ruwa, na warware ta duka a cikin ruwan ɗumi da ɗan sabulu, na goge da tsumma, na ja ta tsakanin hannuwa don ta miƙe. Igiya mai datti bakinta na nutsewa ya ja ƙwaron ƙasa, wadda ta daɗe a naɗe kuma tana zubowa a murɗe ta harɗe a ƙafa.

Tsakanin igiya da ƙugiya akwai zare garai-garai da ke sirancewa zuwa baki, ana ce masa lida, sai ɗan guntun da ake ƙarawa a ƙarshensa, tifet. Na ɗauki lida shida masu ƙafa 9, uku 3X uku 4X, da naɗin tifet daga 2X zuwa 5X. Lambar na hawa, zaren na sirancewa: 4X kaurinsa inci 0.007 ne, 5X kuma 0.006. Hanya mai sauƙi ta zaɓe ita ce ka raba lambar ƙugiya gida uku, ƙugiya mai lamba 12 ta tafi da 4X. Tifet na nailan da ya shekara biyu a aljihun mota zubar da shi na yi, zafi da rana na cinye ƙarfinsa, sai ya tsinke a kan ƙulli lokacin da babban kifi ya kama. Ƙwari kuwa dozin biyu kacal, sauran na bari sai na isa Ennis in saya a shagunan garin, inda kullum ake rubuta abin da kifi ke ci a allo. Waɗanda ke hannuna na bi su ɗaya bayan ɗaya da hantsaki na danne ƙayarsu. Ƙugiya marar ƙaya na fita da sauƙi daga bakin kifi, haka daga kunnen mutum. Sai abin yanke farce don yanke zare, man hana ƙwaro nutsewa, da 'yan ƙwayoyin nauyi na kuza maimakon dalma. Koma ban ɗauka ba, ta jagora ta fi tawa tsawon mariƙi.

Ga Bahaushe, a yini ana kama kifi ana mayar da shi ruwa abu ne da ke buƙatar bayani. Tun 1974 Montana ta daina zuba kifin kiwo a kogunanta, bayan binciken da masanin kifi Dick Vincent ya yi a wannan kogi ya nuna kifin kiwon na rage na dajin ne. Duk tirawut da ka kama a Madison a nan aka ƙyanƙyashe shi, kuma shi zai haifi na baɗi. Don haka ban tafi da kular ajiye kifi ba.

Abin da ya fi kowane kaya amfani ba ya shiga jaka. Mako uku ina fita filin ciyawa da yamma, minti ashirin, da ɗan ulu a bakin zare maimakon ƙugiya, na ajiye faranti a mita takwas, da goma, da goma sha biyu. Daga kwale-kwale ba a buƙatar nisa. Jirgi na tafiya, wurin da kifi yake na wucewa cikin daƙiƙa biyu ko uku, abin da ake so shi ne ɗagawa ɗaya, ajiyewa ɗaya. Mai kaɗa igiya a sama sau biyar kafin ya sauke, wurin ya riga ya wuce shi. Na fi fita ranar da ake iska, na kuma koyi jifa ta kan kafaɗar hagu don lokacin da iska ke turo ƙugiya kaina. Ƙulli biyu na maimaita har hannu ya haddace, na ɗaura ƙugiya da na haɗa zare da zare, kullum da jiƙa ƙullin kafin a ja, domin busasshen nailan na ƙona kansa.

Wajen shirya kayan jirgin sama ƙa'ida ɗaya na bi: abin da in ya ɓata ba zan samu madadinsa da sassafe ba, yana hannuna. Tabarau, magunguna, rigar ruwa, ƙwarƙwaro, lasisi, tufar yini ɗaya, da batirin cajin waya wanda dama ba a yarda a sa shi a kayan awo ba. Kwanson sanda mai gaɓa huɗu bai kai mita ɗaya ba, akasari ana barin shiga da shi, amma na tambayi kamfanin jirgin tukuna. Wandon ruwa, takalmi, sandar dogarawa, wuƙa da filaya suka tafi a babbar jaka, na auna ta a gida don kada ta wuce kilo 23. Takalmin na sa shi a ƙasa cikin leda, wandon kuma naɗe shi na yi daga ƙafa zuwa sama, ban ninke ba, don ninki na raunana ɗinki. Na ƙara manyan ledoji biyu saboda jiƙaƙƙun kaya a dawowa. Feshin barkono na korar beyar, wata babbar dabbar daji mai haɗari, ba a hawa jirgi da shi ko a wace jaka. A Bozeman na saya bayan na sauka, tunda ranar ƙafa za mu ratsa duhuwa a saman kogi inda dabbar ke yawo. Na sauka kwana ɗaya kafin ranar farko. Daga Bozeman zuwa Ennis tafiyar kusan awa ɗaya ce a mota, kuma wannan rana ta tsakani ita ke ba jakar da ta makara damar iso ka, jiki kuma ya saba da tsayin wurin.

Daren ƙarshe kafin fita na ware abin da zai hau kwale-kwale a jaka ɗaya mai hana ruwa shiga, ta lita ashirin. Wuri ya yi kaɗan a jirgin: jagora na tsakiya da filafilai biyu, mutum ɗaya a gaba, ɗaya a baya, duk abin da ya zube a ƙasa kuma igiya za ta kama shi. Rigar ruwa na sa a sama, ba a ƙasa ba. Sai rigar sanyi, safa ta canji, man rana da na leɓe, magani, gorar ruwa ta lita ɗaya, dabino, ƙaramar dardumar aljihu, da waya a cikin jakarta ta roba. Tukuicin jagora, kashi 15 zuwa 20 na kuɗin yini, na sa shi tsaba a ambulan, ɗaya don kowace rana. Na sake kiransa na tabbatar da wuri da lokaci, domin idan ruwa ya yi ɗumi yakan dawo da fita zuwa ƙarfe shida don a gama kafin zafi. Muka kuma yi magana a kan tsawa: da an ji ta, sanduna su kwanta a jirgi a nufi gaɓa, saboda girafayit ɗin da ake ƙera sandar da shi na jan wuta.

Da safe na yi alwala kafin in sa safa da takalmi, na karya da abin da zai riƙe ni har azahar, na isa wurin haɗuwa da saura minti goma sha biyar. Sandar ban haɗa ta ba sai a bakin ruwa, tunda ƙofar mota ta fi kifi karya sanduna. Kafin a tura jirgin jagora ya duba lidata, ya yanke tifet ɗin da na ɗaura, ya sa mai kauri saboda iskar da ya ga za ta taso, ya kuma ɗaura ƙwaro biyu daga akwatinsa, babba mai iyo a sama, ƙarami yana rataye a ƙarƙashinsa da zare mai tsawon kamu ɗaya.